Kunun Inna a Garejin Masu Dafa Giya

Satina uku da sauka Manhattan abokin aikina ya ce in raka shi taron ƙungiyarsu ranar Alhamis da daddare. Ba Manhattan ta New York nake nufi ba, mai dogayen benayen da ake gani a talabijin. Wannan ɗan ƙaramin gari ne a jihar Kansas, can tsakiyar Amurka, inda jami'ar jihar take tun 1863, kuma binciken dawa ne ya kai ni na wata uku. Babu jihar da ta kai Kansas noman dawa a Amurka, sai dai su ba tuwo suke yi da ita ba. Tasu gajera ce, da ƙyar take wuce ƙugu, milo suke ce mata. Shanu ake ba, ko a kai masana'antar itanol, man da ake gauraya da fetur, ko a loda a jirgin ruwa sai ƙasar Sin. Duk wanda na faɗa wa da dawa aka raine ni, kallona yake kamar na ce da harawa aka yaye ni.

Ban tambaye shi ko ƙungiyar mece ce ba, kaɗaici ya riga ya cinye ni. Gari ne da babu majalisa, babu mai shayi, ƙarfe shida kowa ya shige gida ya ja ƙofa. Sai da muka hau titi na ji kwalabe suna karo da juna a bayan mota. Na ce mene ne wannan? Ya ce giyar da ya dafa ce, wata ɗaya ke nan tana kwalba, yau za a ɗanɗana. Ƙungiyar masu dafa giya a gida za mu.

Na yi salati a zuciyata. Na ce masa ya dai san ba na sha. Ya ce ya sani, ai shi ya sa ma. Na ɗaya, akwai wani a cikinsu da dawa ta gagara, yana neman wanda ya san ta. Na biyu, zai samu direban da zai maido shi gida. Watan Afrilu ne, lokacin da makiyayan yankin ke ƙona ciyawar tuddan Flint don sabuwa ta tofo, wuta ta yi layi a kan tudu kamar ƙunar daji a gida, hayaƙi ya cika hanya. Ina kallon wutar ina lissafin nisan da zan taka in na ce a sauke ni. Ban ce ba.

A garejin wani dattijo ake taron, tsohon soja da ya yi ritaya daga barikin Fort Riley da ke kusa. Hoton da na ɗauko a kaina na mashaya ne: duhu, kiɗa, hayaniya, wani ya kife a kan tebur. Abin da na tarar ya fi kama da taron ƙungiyar iyaye da malamai. Mutum kamar ashirin a kan kujerun roba, kowa da ɗan littafi da biro. Akwai ma'aikaciyar jinya, akwai malamar firamare, akwai manomin alkama da hularsa ta hana-sallah, da ɗalibai biyu masu karatun kimiyya. Na gaisa da kowa, na nemi wuri can bakin ƙofa na zauna a kan buhun sha'ir, nesa da teburin kwalabe. Na san hadisin da ya yi hani da zama a teburin da ake zagaya giya. Ban ce buhun sha'ir ya fid da ni ba, iyakar abin da na yi ke nan.

Rabin awar farko ba a buɗe ko kwalba ɗaya ba. Ma'aji ta karanta abin da ke asusu, ta kira sunayen waɗanda ba su biya kuɗin shekara ba, ɗaya ya sosa ƙeya aka yi dariya. Aka yi maganar sarin tsiron sha'ir: in sun haɗa kuɗi suka sayi buhuna da yawa a tare, buhu mai kilo 25, ya fi sauƙi. Aka sanar da gasar da ke tafe da ranar rufe karɓar kwalabe. Matar wani ta haihu, aka zagaya da takarda kowa ya rubuta ranar da zai kai musu abinci. Wani tsohon memba yana asibiti, aka sa hannu a kati. Aka tsayar da ranar zuwa garin Lawrence ziyarar wani gidan giya mai suna Free State, aka shiga neman wanda zai tuƙa bas ɗin bai sha ba. Ido ashirin ya juyo kan buhun sha'ir. Na ce ranar ina da aiki.

Dattijon mai gida ne ya lura hannuna babu komai. Ya kawo mini kofi cike da wani baƙin abu mai kumfa, ya ce rut biya ne, shi ya haɗa don jikokinsa. Da na ji "biya" na janye hannu. Sai da ya rantse mini babu ko ɗigon barasa, ruwa ne da sukari da saiwoyi da iskar gas, malamar firamare ma ta ce yaran ajinta shi suke sha a biki. Na kurɓa. Wallahi kamar an narka man zafi a cikin lemo. Na shanye don kunya.

Shi dattijon ya jawo kujera kusa da ni, ya ce kada in ga kamar ni kaɗai na fito daga inda ake ƙyamar giya. Kansas ta haramta ta tun 1881, kusan shekara arba'in kafin Amurka gaba ɗaya ta haramta a 1920. Da ƙasar ta janye haramcin a 1933, Kansas ta ce ita ba ta gama ba, sai 1948. Ko bayan nan ma, buɗe mashaya a sayar wa kowa kofi-kofi bai halatta ba sai 1987. Gidan giyar Lawrence da za su ziyarta, da aka buɗe a 1989, shi ne na farko da ya dafa giya da izinin hukuma a jihar cikin sama da shekara ɗari. Ya ba ni labarin Carrie Nation, matar da ta fara farfasa mashayu a garin Kiowa a 1900 da duwatsu, daga baya ta koma yawo da ɗan gatari tana waƙoƙin coci tana ragargaza kwalabe. Na ce masa da ta zo Kano da ba ta rasa abokan aiki ba.

Dafa giya a gida kuwa, sai a 1978 shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a dokar da ta halatta shi. Baligi ɗaya galan 100 a shekara, kusan lita 380, gidan da ke da manya biyu ko fiye galan 200, kuma ba a sayarwa ko kwalba ɗaya. Jihohin Mississippi da Alabama sai 2013 suka yarda. Wato duk mutanen nan da ke kashe kuɗi da Asabar ɗinsu a kan tukwane, ba mai samun sisi. Sha'awa ce kawai, kamar masu kiwon tantabaru a unguwarmu.

Da aka zo ɗanɗanon, na bar hira na zuba ido. Kwalba ɗaya ake rabawa mutum shida ko bakwai, a 'yan ƙananan kofuna, abin da bai wuce kurɓi biyu ba. Ba a sha nan take. Sai a ɗaga kofin sama a kalli launinsa a hasken ƙwan lantarki, a juya shi, a cusa hanci a yi shiru kamar mai tuna inda ya ajiye makulli. Sannan a kurɓa, a riƙe a baki, a rubuta. Akwai takardar maki da wata hukumar alƙalan giya da aka kafa a 1985 ta tsara, hamsin ne jimla: ƙamshi 12, kamanni 3, ɗanɗano 20, yadda yake a baki 5, hukunci na gaba ɗaya 10. Tsakanin kwalba da kwalba a ci busasshen biskit a kuskure baki da ruwa. Ga bokiti a tsakiya, wadda ba ta yi ba a juye ta ciki a gaban mai ita.

Kuma ba sa yi wa juna kara. Giyar abokina ma'aikaciyar jinya ta shinshina ta ce tana warin man shanu, ya yi gaggawar raba ta da yis tun bai gama aikinsa ba. Ta wani aka ce tana warin jiƙaƙƙen kwali, iska ta shige ta. Ta wani kuma dafaffiyar masara, bai bar ta ta tafasa sosai a buɗe ba. Kowane wari da sunansa da sanadinsa da maganinsa. Wanda aka kushe sai ya ce na gode, ya rubuta. Na tuna ranar da na ce wa uwargida miyarta ta ɗan yi gishiri, kwana biyu ina karɓar gaisuwa a taƙaice.

Can wajen ƙarfe tara aka kawo mini mai matsalar dawa. Dogo ne, mai gyaran na'urorin sanyaya ɗaki. Likita ya gano cikinsa ba ya ɗaukar alkama da sha'ir da danginsu, sinadarin gulutin yana yi masa illa, dawa kuwa ba ta da shi. Akwai giyar dawa ta kamfani a kanti, amma shi so yake ya yi da hannunsa tun daga ƙwaya. Sau huɗu yana gwadawa. Ya tsirar da dawar, ya busar, ya ɓarza, ya jiƙa a ruwan zafi digiri 67 na awa ɗaya daidai yadda ake yi wa sha'ir, sai ya tashi da wani farin ruwa salam, ga tukunya ta toshe ta ƙi tacewa.

Tun bai rufe baki ba na san ciwon. Sitacin sha'ir yana nuna a daidai zafin da sinadaran tsiro ke iya aiki, shi ya sa tukunya ɗaya ta ishe shi. Sitacin dawa sai zafi ya haura haka yake nuna, kuma kafin a kai can zafin ya kashe sinadaran da za su mai da shi sukari. In ka tsaya ƙasa sitaci bai nuna ba, in ka hau sama ma'aikata sun mutu. Ga shi dawa ba ta da ɓawon da sha'ir ke da shi wanda ke zama matacin kansa. Matan da ke dafa giyar dawa ta gargajiya, fito a arewacin Gana da dolo a Burkina Faso, sun warware wannan tun kaka da kakanni, ba su taɓa ganin ma'aunin zafi ba. Maganar tana bakin harshena. Sai na tuna mutum goman da aka la'anta a kan giya, ciki har da mai matsa ta da wanda aka matsa wa. Na ce masa zan yi tunani. Abu ɗaya na faɗa masa, don wannan maganar rai ce: ya murje saiwa da tofon tsiron tas kafin ya niƙa, akwai guba a cikinsu, ita ce dai ke kashe dabbar da ta ci gyauron dawa.

Na tuƙa abokina gida, yana ta mitar man shanu har ƙofarsa.

Kwana biyu abin yana cina. Ba don ban san hukunci ba. Abin da ya dame ni shi ne ni ma hannuna ba fari fat yake ba. Tun da gwamnatin Babangida ta hana shigo da tsiron sha'ir a 1988, kamfanonin giya na Najeriya suka koma kan dawa. Irin SK5912, gajerar ƙaurar da aka fitar a Samaru, yana cikin waɗanda suka karɓu wajen masu yin tsiro. Tirelar da ta yi lodi a Dawanau ta nufi kudu, ba mai tambayarta ko lemon malt za a yi ko abin da ya fi shi. Mu masu binciken iri muna auna ƙarfin tsiro mu rubuta a rahoto, mu ce don masana'antu.

Ranar Lahadi na kira Inna. Sha biyun rana a wurina, shida na yamma a gida. Bayan gaisuwa da tambayar sanyi da ko ina samun abin ci, na ce, "Inna, kunun zaƙin nan naki na azumi, yaya ma kike yi har ya yi zaƙi ba sukari?"

Ta yi dariya. "Kai da ko ruwan zafi ba ka dafawa? To saurara. Ƙullun nan kashi biyu za ka raba, babba da ƙarami. Babban ka sheƙa masa tafasasshen ruwa ka dama ya yi kauri kamar koko. Ƙaramin, shi ne mai tsiro da citta da kanumfari, kada wuta ta gan shi. Ka bar babban ya sha iska. In ka zuba da zafinsa ka kashe tsiron, in ka bari ya huce sarai ka yi aikin banza."

"To yaya zan gane ya kai?"

"Yatsa mana, ɗan nan. In ya shiga ya fito da sauri bai ƙone ba, ya yi."

Abin da na yi shekaru ina karantawa da sunaye masu tsawo, ga shi a jimla biyar. Na ajiye waya na yanke shawara: ba zan koya wa kowa giya ba, amma kunu ai ba laifi ba ne.

Asabar ta farkon watan Mayu ita ce babbar ranarsu. Ƙungiyoyin masu dafa giya a gida a faɗin Amurka kowace takan fito da tukwanenta a dafa a rana ɗaya. Tun ana saura kwana shida na jiƙa farar dawa, na shimfiɗa ta a jiƙaƙƙen tawul a ɗakina, ina yayyafa ruwa safe da yamma har ta fid da saiwa. Na busar da ita a gaban fanka, na murje. Gero na samo a wani kantin Indiyawa, da citta da kanumfari.

Da hantsi harabar gidan dattijo ta cika. Tukwane bakwai a jere a kan murhun gas, kowace tana fid da galan biyar, kusan jarka guda. Yara suna guje-guje, ana gasa nama, wani ya zo da kare. Sai ranar na ga aikin tun daga farko. A zuba ɓarzajjen tsiron sha'ir a cikin kula irin ta ƙanƙara, a kwara ruwan zafi, a rufe awa ɗaya. Da aka buɗe famfon kular, wani ruwa ya zubo mai launin zuma, ƙamshinsa ya cika wurin kamar gidan burodi da asuba. Dattijo ya tara kofi ya miƙo mini. Ya ce wannan ba giya ba ce tukuna, ba a sa yis ba, ko jinjiri zai iya sha. Wannan karon ban nemi rantsuwa ba, na san kimiyyar. Na sha. Lemon malt ne sak, mai ɗumi, ba gas, irin wanda ake kai wa mai jego. Daga nan za su tafasa shi awa ɗaya da wani koren fure mai ɗaci da suke kira hops, su sanyaya, su auna nauyin sukarinsa da wani ɗan gilashi mai yawo a ruwa, su zuba yis su rufe. Sati biyu yis na cin sukari yana fid da barasa. Tsakanin kofin da ke hannuna da abin da ba zan taɓa ba, ɗan ƙullin yis ne da kwanaki.

Ni kuma na kafa tawa tukunyar a gefe, sabuwa na saya don kada a samu gauraye. Na markaɗa gero a bilenda, na dama babban kashi ya yi kauri har muciya tana tsayawa. Mutane suka fara taruwa. Ina ta fifita ina tsoma yatsa, ɗalibin nan ɗaya ya kasa haƙuri ya tsoma ma'aunin zafinsa. Lokacin da yatsana ya ce ya yi, ma'auninsa ya nuna digiri 65. Ya dubi ma'aunin, ya dubi yatsana.

Na juye ɗanyen ƙullun mai tsiro na gauraya. Minti biyar ba abin da ya faru, har na fara tsara yadda zan kare mutuncin Inna. Sai muciya ta fara sauƙi a hannuna. Abin da yake da kauri kamar talge ya saki, ya tsinke, kafin rabin awa ya koma ruwa yana zuba daga ludayi. Wurin ya yi tsit. Dogon nan mai matsalar dawa yana tsugune a gaban tukunyar, bai ce mini komai ba, ban ce masa komai ba. Na dai ga ya zaro littafinsa daga aljihun baya yana rubutu da sauri, ya cika shafi ya juya. Ya gane. Na san ya gane, kuma na san ba kunu zai yi ba.

Da la'asar na tace, na zuba ƙanƙara. Yara suka fara yi masa layi, sannan iyayensu. Ma'aikaciyar jinya ta ce ba za a sha abu a harabar nan ba a ba shi maki ba, ta rarraba takardu ga mutum uku. Haka na tsaya ina kallon Turawa suna ɗaga kunun gero sama suna duba launinsa a rana, suna shinshinawa ido a rufe. Manomin alkama ya sha kofi uku, ya ce shekara talatin yana ganin milo a gonar maƙwabcinsa bai san ana sha ba. Dogon ya roƙi in bar masa ragowar a kwalba ya tafi da ita gida. Na ce a'a, a sha a nan. Na san abin da kwana uku za su yi wa kunu a gidan mai yis. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya shanye a tsaye.

Washegari na kira gida. Na ce, "Inna, na yi kunun. Har maki aka ba shi, 39 cikin 50."

"Sauran sha ɗayan fa, wa ya cinye?"

Na ɗauko takardun na fassara mata. Ɗaya ya ce citta ta yi yawa ta danne ƙamshin hatsin. Ɗaya ta ce zaƙin ya tsaya shi kaɗai, da da ɗan tsami da ya fi.

"Ka bar shi ya kwana?"

"A'a, Inna, ranar aka shanye."

"To ai sun yi maka kara. Kunun da bai kwana ba ina zai samo tsami? Ita wannan matar ta san kunu." Ta ɗan yi shiru. "Su wane ne ma mutanen?"

Na ce, "Abokan aiki ne, Inna. Masu sha'awar hatsi."

Ta ce Allah ya yi musu albarka, in gaishe su.